Filiya: Yadda Ake Yaɗa Ta da Kula da Sabon Dashe

Filiya, wadda masana ke kira Pilea peperomioides, shuka ce ta ado da ake renonta a tukunya cikin gida. Ganyenta kore ne, kewayayye kamar kwabo, kuma tsayinta ba ya cika wuce santimita 30.

Asalinta

Asalin filiya shi ne duwatsun lardunan Yunnan da Sichuan na ƙasar Sin, inda take fitowa a kan duwatsu masu laima a ƙarƙashin inuwar itatuwa. George Forrest, masanin tsirrai ɗan Sikotlan, ya tattaro samfurinta a 1906. A 1946 wani ɗan mishan na Norwe, Agnar Espegren, ya kai ta ƙasarsu, daga nan ta yaɗu a Turai ta hanyar kyauta tsakanin maƙwabta. Wannan asali shi ke nuna buƙatunta: inuwa, sanyi-sanyi, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa.

Yadda ake yaɗa ta

Ba a cika shuka ƙwayarta ba. Uwar kan fitar da 'ya'ya daga saiwa ko gindi, su ake cirewa a dasa.

1. A jira ɗan ya kai tsawon yatsa, wato santimita 5 zuwa 7. Wanda aka cire da wuri yakan mutu.
2. A tone ƙasa kaɗan, a yanke shi da wuƙa mai kaifi da tsabta, tare da guntun saiwarsa.
3. A dasa a ƙaramar tukunya mai huji a ƙasa, cikin haɗin ƙasa da rairayi da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai.
4. Wanda ba shi da saiwa a tsoma gindinsa a kofin ruwa, ana sauya ruwan duk bayan kwana uku. Saiwa kan fito cikin mako biyu zuwa huɗu.

Kulawa

Yawan ruwa ya fi komai kashe sabon dashe, domin yana ruɓar da saiwa. A taɓa ƙasar da yatsa: in ta bushe a sama, a ba da ruwa, in da laima, a dakata. Ganyen da ya koma rawaya yana zubewa sau da yawa alama ce ta ruwa ya yi yawa.

A ajiye tukunyar a wuri mai haske wanda rana ba ta duka kai tsaye, kamar ƙarƙashin rumfa. A riƙa juya ta mako-mako don kada ta karkace. Zafin bazara na ƙona ta, saboda haka a mai da ta wuri mafi sanyi a gidan, a kuma goge ƙurar hunturu daga ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ana shawartar masu gandun renon tsirrai da malaman gona su raba 'ya'yan da damina, lokacin da iska ke da laima kuma dashe ya fi kamawa.