17 ga Disamba a tarihin talabijin: daga hoto mai launi zuwa daren sako ɗaliban Ƙanƙara

Ranar 17 ga Disamba tana cikin ranakun da tarihin talabijin ya sha ratsawa ta kansu. A cikinta aka amince da tsarin hoto mai launi a Amurka, a cikinta kuma wata ƙaramar tasha ta hau tauraron ɗan'adam ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa, ƙananan hukumomi uku na jihar Katsina da ke mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai, ita ce ranar da aka wayi gari da bidiyon 'ya'yansu a hannun 'yan bindiga, aka kuma kwana da labarin sakinsu daga tashar NTA. Idan aka jera abubuwan da suka faru a ranar shekara bayan shekara, za a ga yadda kyamara ta riƙa fita daga hannun manyan kamfanoni da gwamnatoci har ta kai ga duk mai waya.

1953: launi ya shigo

A ranar 17 ga Disamba, 1953, hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince da tsarin talabijin mai launi da aka sani da NTSC, wanda kamfanin RCA ya yi ruwa ya yi tsaki wajen samar da shi. Tun a 1950 hukumar ta amince da wani tsarin na kamfanin CBS, amma yana da babban naƙasu: akwatunan baƙi da fari da ke gidajen mutane ba sa iya kama shi. Sabon tsarin ya warware wannan matsala, domin mai tsohon akwati zai ci gaba da kallonsa yadda ya saba. Duk da haka launin ya daɗe yana zaman kayan masu hali, tunda akwatin RCA na farko dala 1,000 aka sa masa a 1954.

A lokacin babu tashar talabijin ko ɗaya a Najeriya. Sai a 31 ga Oktoba, 1959 aka buɗe WNTV a Ibadan, ta Kaduna ta biyo baya a 1962. Hoto mai launi kuwa a Jos aka fara watsa shi, a tsakiyar shekarun 1970, kuma tsarin Turai na PAL ƙasar ta ɗauka, ba na Amurka ba.

1976: tasha ta hau tauraro

A irin wannan rana a 1976, attajirin nan Ted Turner ya ɗora tasharsa WTCG ta birnin Atlanta a kan tauraron Satcom 1, aka fara kama ta a garuruwa huɗu na jihohin Nebraska da Virginia da Alabama da Kansas. Tasha ce ta tsofaffin finafinai da wasanni, ba wani abin a zo a gani ba. Amma dabarar ce ta haifi CNN a 1980, ita ce kuma ta kai ga yau mai gidan kallo a Faskari ko Sabuwa, in dai yana da dish da janareto, zai nuna ƙwallon Ingila kai tsaye, magidanta kuma su kama Arewa24 da aka buɗe a 2014.

Sauran abubuwan Amurka na ranar ba su da nauyi sosai a nan. A 1989 aka fara nuna zanen barkwanci na The Simpsons a tashar Fox. A 2014 kuma Barack Obama da Raul Castro suka yi jawabi a lokaci guda ta talabijin, suka sanar da shirin maido da hulɗa tsakanin Amurka da Cuba.

2010: hoton waya a babbar tasha

Ranar 17 ga Disamba, 2010 wani matashi mai tallar 'ya'yan itatuwa, Mohamed Bouazizi, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Bouzid na Tunisiya bayan jami'ai sun ƙwace kayansa. Kafafen gwamnati sun kau da kai. Mutanen gari ne suka ɗauki zanga-zangar da ta biyo baya da wayoyinsu suka sa a Facebook, Al Jazeera ta ɗauko ta watsa. Kafin a cika wata guda, a 14 ga Janairu, 2011, Shugaba Ben Ali ya tsere zuwa Saudiyya.

2020: Ƙanƙara

A daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. A ranar ce Shugaba Muhammadu Buhari ya isa Daura domin hutu. Kwana huɗu bayan haka wani saƙon murya ya fito, inda Abubakar Shekau ya ce Boko Haram ce ta yi aikin, yayin da gwamnatin jiha ta dage cewa 'yan fashin daji ne.

Alhamis 17 ga wata, ranar da Buhari ya cika shekara 78, sai ga bidiyo ɗauke da tambarin Boko Haram. An ga yara cunkushe a ƙarƙashin bishiyoyi, jikinsu duk ƙura, ƙananan cikinsu suna kuka. Wani babba a cikinsu, da alama ana gaya masa abin da zai faɗa, ya roƙi gwamnati cikin Turanci da Hausa ta janye sojoji, ta rushe 'yan sa-kai. Bidiyon ya bi wayoyi kafin ya isa tashoshi, ya kuma jefa editoci cikin tsaka mai wuya: shaida ce cewa yaran suna raye, abin da iyaye suka kwana shida suna jira, amma kuma saƙo ne da masu garkuwa suka shirya domin a yaɗa musu.

Da dare Gwamna Aminu Bello Masari ya shaida wa NTA cewa an karɓo yara 344, kuma daga bakinsa a tashar ne kamfanonin dillancin labarai na duniya suka ɗauki labarin. A jihar Zamfara aka miƙa su, ta yankin Tsafe. Washegari kyamarori suka nuna su suna saukowa daga motoci a Katsina, da yawa ba takalmi, wasu lulluɓe da barguna, kafin shugaban ƙasa ya gana da su ya yi musu jawabi da Hausa. Hukumomi sun ce ba a biya kuɗin fansa ba, wasu rahotanni suka ce an biya. Auwal Daudawa, wanda aka ce shi ya jagoranci satar, ya miƙa makamai a Gusau a gaban 'yan jarida a Fabrairun 2021, ya koma daji, aka kashe shi bayan 'yan watanni.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa hukumomi ba su ji daɗin yadda hotunan daji ke fitowa ba. A 2021 hukumar kula da kafafen watsa labarai, NBC, ta gargaɗi tashoshi kan bayar da cikakken bayanin hare-hare. A Satumbar shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin hana 'yan bindiga da masu kai musu rahoto sadarwa. Matakin ya kuma toshe hanyar da hotunan yankin ke bi su isa tashoshi. A Agustan 2022 NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda wani shiri kan 'yan fashin daji, ta kuma sa wa DStv da TSTV da Startimes irin wannan tara saboda nuna shirin BBC Africa Eye kan Zamfara.