Tsohon akwatin rediyo mai bawul: Yadda ake farfaɗo da shi

A wasu tsofaffin gidajen sarauta da na ma'aikatan En'e a Dutse, Birnin Kudu da Kiyawa, akan tarar da akwatin rediyo na katako an jingine shi a lungu, ƙura ta rufe shi. Galibinsu ƙirar Philips, Grundig, Pye ko Bush ne na shekarun 1950 da 1960, zamanin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, Rediyon Kaduna kuma a 1962. Irin wannan akwati yana gyaruwa, amma garaje na iya hallaka shi cikin 'yan mintuna.

Yadda yake aiki

Maimakon tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, wannan rediyo yana amfani da bawul, wato 'yar kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙirƙiro ta a 1904, sannan Lee de Forest ya inganta ta a 1906. A cikinta akwai zaren da sai ya yi zafi take aiki, shi ya sa akwatin kan yi shiru na kusan rabin minti bayan an kunna shi. Kowace kwalba tana da lamba: ECH81 tana tace tasha, EL84 tana ƙarfafa sauti, EM80 kuwa ita ce koren idon da ke nuna an kama tasha daidai.

Inda cutar take

Mutane kan ɗauka kwalaben ne suka mutu, alhali su sukan daɗe. Abin da ya fi lalacewa shi ne kafasito, musamman na takarda da kakin zuma, waɗanda tsufa da zafi ke sa su yoyon lantarki. Idan wanda ke gaban kwalbar sauti yana yoyo, kwalbar za ta ja wuta fiye da ƙima har ta ƙona taransifomar lasifika, wadda samun madadinta ke da wuya. Saboda haka dokar farko ita ce kada a jona akwatin da ya daɗe a ajiye don a ji ko yana yi.

Matakan gyara

Da farko a ɗauki hoton cikinsa ta kowace fuska kafin a taɓa komai. A share ƙurar hunturu da burushi mai laushi, a cire gidan zanzaro, a duba ɓarnar ɓera a wayoyi da ta gara a katako. Kada a goge bayan gilashin tashoshi da ruwa, domin rubutun zai bi tsumma.

Daga nan a canza igiyar wuta, a sa fis, a maye gurbin kafasito na takarda da manyan masu tace wuta da sababbi masu awo ɗaya. Ana neman su wajen masu sayar da kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wajen gwajin farko, a bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60: idan ya haska sannan ya dushe, alamar lafiya ce, idan ya ci gaba da haske sosai, a kashe nan take. Kada a juya ƙananan dunƙulen da ke cikin gwangwanayen alminiyam, domin tun a masana'anta aka daidaita su.

Hattara

Wutar cikin akwatin kan haura volt 250, kuma kafasito na riƙe ta ko bayan an zare soket. Wanda kwalabensa suka fara da harafin U, kamar UL84, ba shi da babbar taransifoma, don haka ƙarfen jikinsa kansa na iya ɗaukar wuta. Wanda bai ƙware ba ya miƙa wa gogaggen mai gyara. A kuma duba bayansa: ƙirar Amurka ta volt 110 zuwa 120 ce, ta Najeriya kuwa 230.

Sauraro a gida

Yawancinsu matsakaici da gajeren zango suke kamawa. Masu FM ɗin ma wasu sun tsaya a megahaz 100, don haka ba duk tashoshin Dutse za su kamo ba. Waya mai tsawon mita 10 da aka ɗaga sama ta isa eriya, kuma tashoshin nesa sun fi fitowa da dare. A nisanta shi da cajar waya da inbata saboda ƙarar da suke haddasawa, a haɗa shi da sitabilaiza, a bar bayansa yana shan iska, kada kuma a bar shi a kunne ba kowa a ɗaki.