Kanikancin babur a Mararaba da tarihin injin da ke ƙin ja

Mararaba, wadda sunanta ke nufin wurin da hanyoyi suka rabu, tana ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa ne a wajen mulki, amma a wajen rayuwa unguwa ce ta Abuja, domin iyaka kawai ta raba ta da Nyanya a kan titin da ya nufi Keffi. Tun da aka mayar da hedikwatar ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991, ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da leburorin da kuɗin hayar cikin birni ya fi ƙarfinsu suka riƙa kwararowa wannan ƙasa ta Gbagyi, suna gina gidaje a lungunan da mota ba ta shiga, kuma a nan babur ya zama ƙafar talaka. Da ministan birnin tarayya na lokacin, Nasir El-Rufai, ya haramta acaba a tsakiyar Abuja a watan Oktoba na 2006, sai masu wannan sana'a suka koma garuruwan gefe kamar Nyanya da Mararaba da Masaka, kanikawa da masu sayar da kayan gyara kuma suka bi su, har rumfar bakanike ta zama abin da ake gani a bakin kusan kowane layi.

Daga cikin koke-koken da ɗan acaba ke kai wa bakanike, babu wanda ya fi bayyana gwaninta ko rashinta kamar cewa mashin yana tashi lafiya, yana tafiya daidai a lungu, amma da an hau babban titi an murɗa totur sai ya riƙa shaƙewa yana ƙin ja. Amsar da kanikawa ke bayarwa ta sauya sau da yawa, domin baburan da kansu sun sauya. A zamanin Suzuki da Yamaha na Japan, da kuma Jincheng na China da suka cika kasuwa daga baya saboda arha, injuna da yawa masu bugu biyu ne, wato waɗanda ke ƙona man inji tare da fetur, suna kuma fashewa sau ɗaya a kowane zagaye. Irin wannan ƙuna tana barin baƙin kunkunniya a cikin salansa har ta toshe hanyar hayaƙi, kuma injin da ba ya iya fitar da numfashi ba zai iya shaƙar sabo ba. Shi ya sa tsofaffin kanikawa suke kwance salansa su ɗora ta a kan wuta har kunkunniyar ta ƙone, sannan su bubbuga ta da ƙarfe ta zube kamar gawayi.

Zuwan Bajaj Boxer daga Indiya, mai inji bugu huɗu wanda man injinsa ke zaune daban da fetur, ya rage wannan aiki ƙwarai, ya mayar da hankali kan kafireto, wato na'urar da ke gauraya iska da fetur kafin su shiga inji, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi. A cikin kafireto akwai ƙananan ƙofofi na tagulla da ake kira jet, kuma aikinsu a rabe yake: ƙaramin yana ciyar da inji idan yana tsaye ko yana tafiya a hankali, babban kuwa sai an buɗe totur sosai yake ɗaukar nauyin aikin. A nan ne asirin ciwon yake, domin ƙwayar yashi guda a bakin babban jet ba ta hana babur tashi, sai dai ta hana shi mai a daidai lokacin da ya fi bukata. Haka ma idan ɗan ramin iska da ke murfin tanki ya toshe, mai ba ya sauka da sauri, kuma gwani yana gano wannan ba tare da ya taɓa sifana ba, ta hanyar sassauta murfin ya sake gwada tafiya.

Abin da ya fi cancantar yabo a wannan sana'a shi ne karatun fulogi. Bakanike yakan sa a yi gudu da mashin, a kashe shi nan take, ya kwance fulogin da zafinsa ya juya bakinsa ga haske. Idan ya ga launin ƙasa-ƙasa, gaurayen ya yi daidai. Idan ya yi fari fat, mai ne ya yi ƙaranci. Idan kuwa ya yi baƙi da toka mai laushi, iska ce ta kasa, kuma a Mararaba, inda yawancin layuka ba su da kwalta, ƙurar hunturu ce takan cushe soson da ke tace iska. Wannan ilimi ne na ido da kunne wanda ba a rubuta shi a takarda ba, kuma abin takaici ne yadda wasu masu gaggawar kuɗi ke tsallake shi su farke inji su sauya fistin da zobe, alhali wankin soso da ɗan fetur zai wadatar da mutumin da sai ya fita kullum yake ciyar da iyalinsa.

Ɓangaren wuta ma ya sauya. A da, bakanike yana goge kontak da takardar yashi ya daidaita tazararsa da hannu, amma na'urar CDI da ta maye gurbinsa rufaffen akwati ce da ba a gyarawa, don haka gwajinta shi ne a ɗaura wata lafiyayya a ji bambanci, haka kuma koyil da ke raunana idan ya ɗauki zafi. Akwai kuma ruɗanin kuloci, inda ƙarar inji ke hawa sama amma gudu ba ya ƙaruwa, wanda ke nuna faifan kuloci ne suka cinye, injin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Shi kansa fetur yana da nasa babi a wannan tarihi. Duk lokacin da aka shiga wahalar mai, 'yan acaba sukan koma ga 'yan bumburutu masu sayarwa a galan da kwalba, inda ruwa da datti da gaurayen kananzir ke samun hanyar shiga tanki. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, abin da ya jawo dogayen layuka a Abuja da kewayenta. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, tsada ta sa wasu ke neman a matse musu kafireto don ya rage sha, sai gaurayen ya yi ƙarancin mai, injin ya riƙa zafi yana gajiya a hawa, mai shi ya sake komawa rumfar da aka matse masa yana kukan cewa mashin ya daina ja.