Lahadi Biyu a Rayuwar Eric Liddell

A cikin dukan wasannin guje-guje, babu wanda ya kai tseren mita 100 matsa wa mutum. Mai gudu yakan yi shekaru yana shiri, yana tsare cinsa da barcinsa, domin aikin da bai wuce sakan 10 ko 11 ba. In ya makara wajen tashi ko da ƙiftawar ido ne, wahalarsa ta tafi a banza, ga kuma idon ƙasarsa duka a kansa. Saboda haka waɗansu sukan yarda su ba da kome domin su ci. A wasannin Olamfik na 1988, Ben Johnson na Kanada ya gama tseren cikin sakan 9.79, duniya ta yi ta tafa masa. Bayan kwana uku aka karɓe lambarsa, gama an sami haramtaccen maganin ƙara ƙarfi a jikinsa. Tarihin da ke gabanmu na wani mai gudu ne wanda wannan matsi ya same shi, amma akwai abin da ya ƙi sayarwa.

An haifi Eric Liddell a ranar 16 ga Janairu 1902 a birnin Tientsin na ƙasar Sin. Iyayensa mutanen Skotland ne, masu aikin bishara a ƙarƙashin mishan na London. Tun yana ƙaramin yaro aka kai shi da wansa Rob makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan a Ingila, suka girma nesa da iyayensu. A 1920 ya shiga Jami'ar Edinbara ya karanta kimiyya. A can ne saurinsa ya bayyana. Ya yi wa Skotland wasan ƙwallon zari-ruga sau 7, kuma a 1923 ya yi gudun yadi 100 cikin sakan 9.7, saurin da babu ɗan Birtaniya da ya taɓa yi kafinsa.

Gudunsa ba shi da kyan gani. Yakan jefa kansa baya, baki buɗe, hannuwa suna yaƙushin iska. Amma yana da zuciya. A Yuli 1923, cikin wani tseren yadi 440 a garin Stoke, aka bangaje shi ya faɗi tun daga farko. Ya tashi, ya bi sauran da tazarar kamar yadi 20, ya wuce su duka, sa'an nan ya zube a ƙasa don gajiya.

Da aka fitar da tsarin wasannin Olamfik na Faris na 1924, sai aka ga zagayen farko na mita 100 ya faɗa ranar Lahadi, 6 ga Yuli. Liddell ya ce ba zai yi ba, gama ranar ta Ubangiji ce. Fim ɗin Chariots of Fire na 1981 ya nuna kamar a bakin jirgin ruwa ya ji labarin, amma gaskiyar ita ce ya sani tun watanni kafin tafiyar. Ke nan ba fushin rana ɗaya ba ne. Wata da watanni ya yi yana jin maganar mutane, shugabannin wasa suna lallashinsa, waɗansu jaridu suna zarginsa da yi wa ƙasarsa asara. Bai yi gardama da kowa ba, bai kuma kushe masu gudu ran Lahadi ba. Ya koma shirin mita 400, tseren da ba a sa masa rai sosai a kansa ba. Ya kuma janye daga tseren ba-ni-in-ba-ka saboda wannan dalili.

Wanda ya ci mita 100 ɗin shi ne abokin tafiyarsa Harold Abrahams, cikin sakan 10.6. Halinsu ya sha bamban. Abrahams ɗan Bayahude ne da ya yi ƙaura zuwa Ingila, mutum mai zafin nema, wanda ya ɗauki mai horarwa, Sam Mussabini, yana biyansa, a zamanin da manyan jami'a suke raina yin haka. Shekara ɗaya bayan nasararsa ya karye a ƙafa wajen dogon tsalle, gudunsa ya ƙare ke nan. Haka ƙarfin mai tsere yake, kamar inuwar giginya da rana tsaka.

Liddell ya zo na uku a mita 200. Ran 11 ga Yuli aka yi tseren ƙarshe na mita 400. Da safe mai yi wa 'yan wasa tausa ya miƙa masa 'yar takarda mai tuna masa da alkawarin 1 Sama'ila 2:30. Layin waje aka ba shi, inda ba ya iya ganin abokan tserensa. Ya tashi da dukan ƙarfinsa kamar gajeren tsere zai yi, masana suna jira ya gaji. Bai gaji ba. Ya ci zinariya cikin sakan 47.6, Horatio Fitch na Amurka yana biye da shi. Bayan 'yan kwanaki, ranar da ya karɓi digirinsa, ɗalibai suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga da shi titunan Edinbara.

Yana da shekara 22, sunansa ya cika ƙasa. A 1925 ya bar wannan duka ya koma Sin, ya zama malamin kimiyya a makarantar mishan a Tientsin. An naɗa shi fasto a 1932, ya auri Florence Mackenzie 'yar Kanada a 1934. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan, aka aike shi karkarar Siaochang, inda wansa yake aikin likita. Ya riƙa bin ƙauyuka a kan keke yana wa'azi, yana taimakon waɗanda aka ji wa rauni. A 1941 ya sa matarsa da 'ya'yansu mata biyu a jirgi zuwa Kanada, tana da cikin ta uku. Bai sāke ganinsu ba, ita kuwa autar ba ta taɓa ganin ubanta ba.

A 1943 sojojin Japan suka tsare shi tare da baƙi kusan 2,000 a sansanin Weihsien, wanda dā gidan mishan ne. Abinci kaɗan, wuri a matse, ga yara da yawa da aka raba da iyayensu. Liddell ya koya musu kimiyya, ya shirya musu wasanni, ya ɗebo wa tsofaffi ruwa da gawayi. Yaran suna kiransa Kawu Eric.

A nan ne Lahadi ta biyu ta zo. Waɗanda suka zauna a sansanin sun ba da labari cewa samarin sun roƙe shi ya yi musu alƙalancin wasan ƙwallon sanda ran Lahadi, ya ƙi. Suka yi abinsu babu alƙali, wasa ya zama faɗa. Da Lahadi ta kewayo, sai ga Liddell a fili yana yi musu alƙalanci. Mutumin da ya ƙi keta ranar domin zinariya da yabon ƙasa ya yarda ya tsaya a filin wasa domin kada yara masu kewar iyaye su ji wa juna ciwo.

Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu 1945, da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43, kamar wata 6 kafin a 'yantar da sansanin. A 1991 Jami'ar Edinbara ta kafa masa dutsen tunawa a wurin.

'Yan'uwa, masu bi ba su da ra'ayi ɗaya a kan abin da ya halatta ran Lahadi, kuma akwai masu tsoron Allah da suka yi tsere a ranar da zuciya ɗaya. Abin koyo shi ne mu dubi Lahadin nan biyu tare. A Faris ribar tasa ce, ya bar ta. A Weihsien bukatar ta waɗansu ce, ya biya ta, bisa ga koyarwar Ubangijinmu a Markus 2:27. Matasanmu masu neman suna a wasa, ko makaranta, ko kasuwa, za su gamu da ranar da za a ce su ba da abin da ke na Allah domin su ci. Kowa ya yanke shawararsa tun kafin a busa usur.