Garayar da ta ƙetare hamada

Gudduwa ƙaramin gari ne na dabino a ƙasar Fazzan, kudu da Sabha, a kan hanyar da ta gangara Tiragin da Murzuk. Yaranmu masu zuwa Libiya neman kuɗi ta Agadas da Dirku da Gatrun sukan wuce ta wannan yanki a bayan mota, ƙura ta rufe musu ido, wani ko sunan garin ba zai tambaya ba. Shekara ɗari biyu da suka wuce ma zango ne, amma na fatake. Ayarin da ya taso daga Barno ta Bilma, da wanda ya bar Kano ta Damagaram da Agadas da Gat ya karkato Murzuk, idan Tarabulus ya nufa ta Sabha da Sokna, wannan turba yake bi. Raƙuma na ɗauke da jar fata da gashin jimina da hauren giwa da baƙin rinin Kano. A ƙasa kuma bayi ne ke tafiya. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zai tuna yadda neman ɗa ya kai uwar Umar har Murzuk da Tarabulus.

Bawa ba ya tafiya da kaya. Abin da ke cikin kansa kaɗai ne ubangijinsa bai iya ƙwacewa ba, kuma cikin abin da waɗannan mutane suka ƙetare da shi akwai kiɗan bori: take da kirari da sunayen iskoki. Labarin wannan kiɗa ne ya kawo ni Gudduwa, domin a nan hanya ta rabu. Wanda ya yi arewa ya fara a ɓoye, yau ana kaɗa shi a gaban dubban 'yan kallo. Wanda ya zauna gida ya fara a fada, yau a ƙuryar ɗaki ake jin sa.

Kafin mu je ko'ina, ya kamata a san cewa kiɗan bori aiki ne mai ƙa'ida. Kowane iska yana da takensa da kirarinsa. Na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, haka Malam Alhaji da Kure da Kuturu da Inna. Mai garaya ko mai goge shi ke jan ragama, 'yan buta na karkaɗa masa, mata kuma a cikin gida ƙwarya suke kaɗawa. Makaɗi yakan ɗauko take a hankali, ya yi ta maimaita shi yana ƙara wuta, yana zuba kirari, har wanda aka yi wa girka, namiji doki mace goɗiya, jikinsa ya ɗauka. A faɗar 'yan bori iska ya hau ke nan. Idan zai sauka sai a ji atishawa. Fremont Besmer, wanda ya zauna da makaɗan bori a Kano ya fitar da littafi a 1983, ya rubuta yadda suke lissafa gidaje 12 na Jangare, birnin iskoki, kowane gida da mai shi da 'ya'yansa da barorinsa, tamkar fadar sarki. Makaɗin da bai haddace wannan jeri ba, ya san wane take ke bin wane, ba a kiran sa wasa. Ilimi ne da ake gado, ana shekaru ana koyon sa.

A da wannan ilimi yana da mazauni a tsakiyar mulki. A Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta, ita ke shugabantar 'yan bori, kuma maganarta na da nauyi a fada. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya fara a 1804 shi ya sauya wannan. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 bori ya fita daga fadojin da suka koma ƙarƙashin Sakkwato. Nana Asma'u ta fahimci cewa hani kaɗai ba zai raba mata da abin da suke zuwa nema a wurin bori ba, wato magani da taro da wanda zai saurari kukansu, sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji tana ɗora musu malfa, suna shiga ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa. Ta ba mata wani taron a madadin wancan. Sarakunan Haɓe da suka ƙi miƙa wuya kuwa, Katsinawan da suka kafa Maraɗi da Gobirawan da suka kafa Tsibiri, sun tafi da sarautunsu na mata. Shi ya sa har a ƙarni na 20 masu bincike irin su Jacqueline Monfouga-Nicolas suka tarar da Iya a Maraɗi tana riƙe da 'yan bori a bainar jama'a, alhali a Kano da Zariya ya zama abin matan kulle da gidajen mata masu zaman kansu. Baba ta Karo, a hirarta da Mary Smith wadda aka buga a 1954, ta yi maganar bori kamar yadda za ta yi maganar biki ko suna. Bai mutu ba, ƙofarsa ce ta koma ta baya.

A can arewa da hamada, bayi da 'yantattu sun yi abin da baƙo ke yi: sun nemi 'yan'uwansu. A birnin Tunis an samu gidajen tarayya, kowane da ƙabilarsa, irin su Dar Barnu da Dar Kofa, inda sabon zuwa ke samun masauki da mai jin harshensa, inda kuma ake kiɗan da daga baya aka sani da sitambali. A farkon ƙarni na 19 wani malami Bafulatani daga Tumbutu, Ahmad ɗan Alƙali, ya biyo ta Tunis, ya ga abin da ake yi a waɗannan gidaje, ya rubuta wa mai mulkin ƙasar, Hammuda Basha, takarda mai suna Hatk al-Sitr yana neman a murƙushe su. Wato a lokaci guda ana yaƙar bori a Gobir ana kai ƙararsa a bakin Bahar Rum. Ahmad Bey ya soke bauta a Tunisiya a 1846, Daular Usmaniyya ta hana cinikin bayin Afirka a 1857, ko da yake ayarin Fazzan bai tsaya nan take ba. Gidajen dai sun ci gaba. Da Manjo Tremearne, wani hafsan Ingila da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya so ya rubuta littafi a kan bori, Tunis da Tarabulus ya je. A can ya sami Hausawa da ke iya jero masa iskoki da kirarinsu da Hausa, littafin ya fito a 1914.

Su ma waɗannan gidaje sun daɗe ana yi musu kallon raini. Abin bayi ne, abin baƙaƙe ne, abin jahilai ne. Bayan samun 'yancin Tunisiya a 1956, gwamnatin Burgiba mai ɗokin zamananci ta ɗauke shi a matsayin ci baya. Amma masu wannan raini da rana, idan ciwo ya gagari likita, su ne ke aikawa a kira arifa, mai girkar sitambali, da dare. Wannan hali mun san shi sarai a gida.

Maroko ce ta fara juya lamarin. Gnawa, 'yan'uwan sitambali, jikokin bayi ne daga Afirka ta Yamma, kuma cikin jerin waƙoƙinsu na kwanan zaune akwai sashen da suke dangantawa da Hausa, kamar yadda kiɗan diwan na Aljeriya ke da nasa. A ƙarshen shekarun 1960 makaɗin jaz na Amurka Randy Weston ya zauna a Tanja ya yi hulɗa da su. A shekarun 1970 ƙungiyar Nass El Ghiwane ta shigar da molonsu mai tsirkiya uku cikin waƙar da matasan Kasabalanka ke saurare. A 1994 Mahmoud Guinia ya yi faifai da Pharoah Sanders. A 1998 aka buɗe bikin Gnawa na garin Sawira, wanda ke tara jama'a daga ko'ina a duniya kowace shekara, a 2019 kuma UNESCO ta sanya kiɗan cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam. Jikan bawan da ake jefa wa sadaka a dandali ya wayi gari ana kiran sa mu'allim, yana hawa jirgi zuwa Faris.

Sai dai fitowa fili tana da kuɗinta. Kwanan zaune na Gnawa ana fara shi bayan isha'i a kai asuba, da turare da yanka da launukan tufafi, kowane take da lokacinsa, kuma don mara lafiya ake yi. A kan dandamali sa'a ɗaya ake ba makaɗi. Dole ya tsinci masu daɗin rawa ya bar masu nauyi, ga gita da ganguna na zamani a gefensa. Tsofaffin masu sana'ar suna kukan cewa yara sun iya kiɗa amma ba su san jeri ba, ba za su iya riƙe dare guda ba.

Irin wannan kuka na ji a wurin Turawa ma. A farkon shekarun 1990 aka ƙirƙiro wani kiɗan na'ura a gidajen rawa na Jamus, musamman Farankfot da Balin, aka sa masa suna tirans, wato fita daga hayyaci, saboda maimaici da hauhawar da ke cikinsa. Ya fara a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bakin tekun Gowa ta Indiya, ya bunƙasa har Tiësto ɗan Holan ya yi shi a bikin buɗe gasar Olamfik ta Atina a 2004. Tun daga nan masoyansa na farko ke cewa kasuwa ta cinye shi. Dabarar iri ɗaya ce da ta mai garaya, a riƙe gajeren take a yi ta juya shi har jiki ya sallama. Bambancin shi ne nasu ba ya kiran kowa, ba wanda ake jira ya zo.

A gida ma an yi yunƙurin fitowa. Kiɗan ƙwaryar mata, wanda da can ake haɗa shi da borin cikin gida, ya zama amada ta biki, Uwaliya Mai Amada da Barmani Coge suka kai shi rediyo da talabijin, har matan manya na liƙi ba tare da jin kunya ba. Goge ya koma kulob da otal, ya ɗauki wani baƙin jinin na daban. Wanda ya fi kowa ƙarfin hali shi ne Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya ɗauki sunan da wasu ke gudu ya maƙala wa kansa, ya zuba taken bori a kan kayan kiɗan zamani. Faifansa da Musa Fusi, Niamey Twice, ya fito a Landan a 1994, kasetsa kuma ya cika kasuwannin Kano. Sai ga shi a ƙarshen 1995 'yan mata a wasu makarantun Kano sun fara faɗuwa suna rawa, aka kira abin Sumbuka, mutanen gari suka alaƙanta shi da irin wannan kaset. Daga nan ruƙiyya ta samu kasuwar da ba ta taɓa samu ba, masu ita suka gaji da yawa daga cikin marasa lafiyar da a da gidan mai girka za a kai su.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta riga ta shafe shekaru tana wa'azi a kan bori. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano ta bi a 2000, aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001, aka ba Hisba doka a 2003. Wasan bori na fili ya ɗauke daga unguwanni. Ko Maraɗi ba ta tsira ba: a tarzomar Nuwamban 2000, wadda ta tashi kan bikin nuna tufafi na FIMA da aka yi a Yamai, masu zanga-zanga sun afka wa mashayu da majami'u, sun kuma afka wa gidan Iya.

Ba aƙidar bori nake karewa ba. Malamai sun yi bayani a kan yanka don wanin Allah, kuma bayaninsu a fili yake. Abin da ke damuna shi ne mun haɗa hukuncin aƙida da ƙin sani. A cikin kirarin iskoki akwai tsohuwar Hausa da ba a jin ta a ko'ina yanzu, akwai hoton fada da kasuwa da daji, akwai Bafulatana da Buzu da Bagwari da malami da kuturu, har da Turawan mulkin mallaka da suka shigo jerin daga baya. Duk wanda Bahaushe ya zauna da shi, ya ji tsoronsa ko ya yi sha'awarsa, yana nan da takensa. Mai garaya ɗaya idan ya rasu ba magaji, wani yanki na wannan ya tafi. Yawancin abin da aka rubuta a kai da Ingilishi da Faransanci yake, kuma ɗalibinmu da zai ce zai nazarci kiɗan bori sai ya fara yi wa iyayensa rantsuwa cewa ba shiga zai yi ba.

A Dar Barnu na Tunis, Abdul Majid Mihub ya riƙe gumbiri, molon sitambali, har rasuwarsa a 2008, Richard Jankowsky da ya yi almajiranci a hannunsa ya fitar da littafi a 2010. Waƙoƙin gidan suna cikin harshen da suke kira ajami, gaurayen Hausa da Barbarci da wasu harsunan kudu, kuma matasan da ke rera su a yau da Larabci suka tashi, haddace kalmomin suka yi ba tare da sanin ma'anar da yawansu ba. Cikin waɗanda suke kira akwai Kuri, akwai Yarima, akwai Sarkin Gari. Yaron Kano ko na Maraɗi da ya sha ƙurar Gudduwa ya kai bakin teku, da zai tsaya a ƙofar wannan gida ya kasa kunne, shi ne zai iya gaya wa mawaƙan abin da suke faɗa.