Dankalin Turawa

A Tagriss, ƙasar gero da wake, in aka ce dankali kawai, to mai zaƙin nan ake nufi, wanda ake yi wa kirari da sha-kushe. Da Turawan mulkin mallaka suka zo da nasu, ba a tsaya ƙirƙiro masa suna ba, sai aka jingina musu shi: dankalin Turawa. Namu kuma ya koma dankalin Hausa. Abin dariya, dukansu biyu daga nahiyar Amurka suka fito. Na Turawan daga tsaunukan Andes.

Sanyi yake so, shi ya sa ya karɓi lambunan Ayar da tsaunin Jos. Irinsa mai gari-gari ya fi daɗin suya, amma a tukunyar fate, da an sha'afa sai ya narke.