Bashin Gida Mai Gajeren Wa'adi

Mai karatu, duk sa'ad da na ji ana zuga mutum ya ciwo bashin ɗan lokaci ya sayi gidan zama, ya ƙara da na haya, wai ai 'yan haya ne za su biya masa, sai in tuna abin da ya sami mutanen Amurka.

Kafin 1930, bashin gida da bankunansu ke bayarwa yawanci na shekara uku zuwa biyar ne, kuma bai cika wuce rabin kuɗin gidan ba. A tsawon wa'adin nan kuɗin ruwa kawai mutum ke biya. Uwar kuɗi tana nan daram, sai ranar ƙarshe a ce ya kawo ta dunƙule. To wa ke da ita? Sai ya koma banki a sabunta masa takarda. Haka aka saba yi, har jama'a suka manta cewa sabuntawar nan alfarma ce.

Kwatsam, a watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rushe. Bankuna dubbai suka durƙushe, waɗanda suka tsira kuwa suka ƙi sabunta wa mutane da yawa. Darajar gidaje ta faɗi. Zuwa 1933, cikin ma'aikata huɗu ɗaya ba ya da aiki, ka ga kenan ɗan haya ba abin da zai ba mai gida. A shekarar an kai ana ƙwace gida kamar dubu a kowace rana.

Sai da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumar HOLC a 1933, ta sayi bashin gidaje wajen miliyan ɗaya, ta mayar da shi na shekara 15, ana biya wata-wata har da uwar kuɗi. Duk da haka, kusan ɗaya cikin biyar na gidajen nan sai da aka ƙwace su daga baya.

Ni dai abin da na fahimta, kuɗin haya ɗigo-ɗigo yake shigowa, wa'adi kuwa rana ɗaya yake cika. Saboda haka kafin ka sa hannu a takarda, ɗan'uwa, ka tambayi kanka: in mai kuɗi ya ƙi ƙara mini ko kwana ɗaya, da me zan biya? In amsar ita ce da gidan da iyalinka ke kwana ciki, to ka dakata. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.